Hoto Ya Iso Mubi, Amma Ya Ƙi Buɗuwa

A da, in mutumin Mubi da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal yana son aika hoto gida, sai ya sa shi cikin ambulan ya liƙe, ya tafi inda motocin shanu ke sauke kaya, ya damƙa wa direban da zai koma Arewa. Hoton yakan yi kwanaki a hanya, wani lokaci ma ya iso da tabon baƙin mai a gefe, amma fa in ya iso ya iso ke nan, duk mai ido zai gani. Yau kuwa, kafin mutum ya mayar da waya aljihu, hoto ya ƙetare Kwara da Binuwai ya sauka a Lokuwa ko Shuware. Sai dai an sami wata sabuwar wahala wadda ba a san ta ba a zamanin ambulan, watau hoto ya iso, ga sunansa nan ana gani, amma kwamfuta ta ce ita sam ba ta san shi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar hotunan biki da suna kaɗai ake yi. Mubi gari ne na makarantu. Akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya wadda aka kafa a 1979, akwai Jami'ar Jihar Adamawa da aka buɗe a 2002, ga kuma kwalejin koyon aikin lafiya. Duk lokacin ɗaukar ɗalibai, ko ɗaukar sababbin ma'aikata, shagunan kwamfuta na garin sukan cika maƙil da yara daga Maiha da Michika da Madagali da Hong, kowa da takardun da zai ɗora a intanet kafin a rufe shafi. Sau da yawa kuwa ainihin takardar ba ta hannun yaro, tana cikin akwatin wansa a Agege ko Shagamu, sai dai a ɗauki hotonta a turo. Haka nan dillalan kasuwar shanu ta Mubi, wadda ake koro mata dabbobi daga Kamaru da Cadi, sukan aika hotunan bijimai da na rasit ga masu saye a Kurmi. In hoto ya ƙi buɗuwa a irin wannan hali, abin da ke salwanta shi ne gurbin karatu na shekara guda, ko ciniki na kuɗi masu kauri.

Akwai kuma abin da ya sa mutanen Mubi ba su wasa da hoton takarda. A ƙarshen watan Oktoba na 1914 ba a san da wayar hannu ba, amma a ƙarshen watan Oktoba na 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka kama garin, waya ce abin da mafi yawan jama'a suka iya ɗauka da suka fita a guje, wasu zuwa Yola, wasu suka hau duwatsu suka shiga Kamaru. An ƙwato garin cikin watan Nuwamba na shekarar, amma mutane da dama sun komo sun tarar an yashe gidajensu. Ga wasu iyalai, hoton takardar shaidar makaranta ko ta fili da ke cikin ƙaramin memori, ko wanda aka taɓa tura wa ɗan'uwa a kudu, shi ne abin da ya rage a matsayin shaida. Irin wannan hoto bai kamata a bar shi a hannun mai gyaran gangar Auzinawa ba.

Rubutun buhu daban, hatsin ciki daban

Domin a gane asalin wannan cuta, sai a leƙa kasuwar hatsi. Kowa ya san buhun da aka rubuta sukari a jikinsa kan zo cike da masara ko wake, domin buhu ba ya mutuwa da kayansa na farko. Baƙo a kasuwa shi ke karanta rubutun buhu. Ɗan kasuwa kuwa sai ya soka ɗan ƙarfen nan mai rami a cikin buhun, ƙwaya ta zubo a tafin hannunsa, ya ga abin da ke ciki da idonsa.

To, haka hoto yake a cikin na'ura. Abin da ake kira fayil abu biyu ne, akwai suna, akwai kuma kayan ciki. A ƙarshen sunan akwai ɗigo da 'yan haruffa, kamar .jpg ko .png, waɗanda za a iya kira wutsiyar suna. Kwamfutar da ke aiki da Windows, wadda ita ce a kusan kowane shago a Mubi, baƙuwar kasuwa ce, wutsiyar nan take karantawa ta yanke shawarar manhajar da za ta buɗe fayil da ita. In wutsiyar ta guntule a hanya, ko aka liƙa wadda ba ita ba, sai ta tsaya cak tana tambayar mai shago da me za a buɗe wannan abu, alhali hoton yana nan lafiya lau a ciki, ko ƙwarzane bai yi ba.

Wannan ɗabi'a gado ce. Tsarin MS-DOS na 1981, wanda Windows ta taso a kansa, bai yarda suna ya wuce haruffa 8 ba, wutsiya kuma haruffa 3. Shi ya sa irin hoton da sunansa na yanka JPEG ne, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1992, aka datse shi ya koma JPG. An ɗage wannan ƙa'ida ta gajeren suna tun 1995, amma har yau ana samun .jpg da .jpeg suna yawo tare, wani lokaci ma da .jfif, kuma duk kaya ɗaya ne. Abin takaici shi ne akwai shafukan cike fom waɗanda guda ɗaya tak suka sani daga cikin ukun nan, in an kawo musu ɗan'uwansa sai su ce ba su karɓa. Laifin nan na masu gina shafin ne, amma yaron da ke bin layi shi ke biyan kuɗin awa.

Kamfanin Apple kuwa wata hanya ya bi tun da ya fito da kwamfutarsa Macintosh a 1984. Bai damu da wutsiya ba. Sai ya ɗaura wa kowane fayil wata ɓoyayyiyar alama mai haruffa 4 da ke faɗin irinsa, da wata kuma da ke faɗin manhajar da ta haife shi, kamar ƙyallen da ake ɗaurawa a wuyan buhu. A cikin gida abin yana tafiya daidai. Amma da zarar fayil ya fita zuwa wata irin kwamfuta sai ƙyallen ya ɓalle, hoto ya isa ba wutsiya ba alama. Daga 2001 kamfanin ya koma amfani da wutsiya kamar kowa, amma masu ɗakunan ɗaukar hoto da ke da tsofaffin faya-fayen ajiya har yanzu sukan ci karo da irin waɗannan marayun fayiloli.

Ɗan kasuwan gaske a wannan fage shi ne tsarin Unix da zuriyarsa, irin su Linux. Tun 1973 yake da ɗan umurnin da ke soka ƙarfe a buhu, watau ya karanta alamomin farko na kayan ciki ya faɗi ko mene ne, ba ruwansa da suna. Kowane irin hoto yana da hatiminsa a bakin ƙofa, kuma mai shago a Mubi zai iya ganin hatimin nan ba tare da ya sayi kome ba. Sai ya fara kwafar fayil ɗin, ya ajiye na asali gefe guda. Sa'an nan ya buɗe kwafin da Notepad, 'yar manhajar rubutun nan da ke cikin kowace Windows. Zai ga tarkacen alamu marasa ma'ana, to kada ya firgita, layin farko kaɗai zai duba. In ya ga PNG, hoton PNG ne. In ya ga JFIF ko Exif, JPG ne. In ya ga RIFF, can gaba kaɗan kuma WEBP, to irin hoton nan ne na intanet da Google ya fito da shi a 2010. In ya ga ftyp da heic a manne, daga wayar zamani ya fito. In kuwa %PDF ya gani, ashe tun farko ba hoto ba ne, takarda ce. Ya rufe ba tare da ya adana kome ba, domin in Notepad ta sake rubuta fayil ɗin ta kashe shi. Daga nan sai ya sa wa sunan wutsiyar da ta dace, hoto ya buɗe. Wanda ba ya son wannan wahala, akwai wata manhajar duba hoto mai suna IrfanView, wadda ake amfani da ita tun 1996, ita da kanta takan ce wutsiyar wannan hoto ba daidai ba ce, ta nemi izinin gyarawa.

Amma kafin duk wannan akwai wani shinge. Windows takan ɓoye wutsiyar suna tun daga kamfani, wai don kada ta rikita jama'a. Saboda haka mutum yakan ga hoto mai suna satifiket, ya ƙara masa .jpg da hannunsa, bai sani ba sunan ya zama satifiket.jpg.png, wutsiya biyu, kuma ta ƙarshe ita ce ke aiki. Aikin farko na duk mai shagon da ya san abin da yake yi shi ne ya shiga saitin folda ya ce a riƙa nuna wutsiyoyi. Ɓoyewar nan ta taɓa ja wa duniya asara babba. A watan Mayu na 2000 wata ƙwayar cutar kwamfuta da ta taso daga ƙasar Filifin ta bazu ta imel cikin shigar wasiƙar soyayya, wutsiyarta ta gaskiya a ɓoye, mutane suka yi wa rogo kallon kitse suka buɗe. Daga cikin ɓarnar da ta yi har da bin hotunan JPG na cikin kwamfuta tana shafe su tana zama a gurbinsu.

Wayar yaya, kwamfutar shago

Yanzu ga inda maganar ta fi shafar 'yan'uwa mazauna Kurmi. A Mubi yawancin wayoyin da ke hannun jama'a Tecno ne da Itel da Infinix, kuma hoton da suke ɗauka JPG ne, wanda kowace na'ura ta sani. Amma wanda Allah ya buɗa wa a Ikko yakan shiga kasuwar wayoyi ta Ikeja ya sayo iPhone, sabuwa ko ta hannu. Tun daga 2017 waɗannan wayoyi suka koma adana hoto a wani sabon zubi mai suna HEIC, domin yana cin kusan rabin wurin da JPG ke ci, kyaun hoton kuma bai ragu ba. Dabara ce mai kyau ga mai waya. Ga mai shago a Mubi kuwa, wanda kwamfutarsa ta kwana biyu, watakila ma Windows 7 ce a kanta, wadda kamfaninta ya daina kula da ita tun Janairun 2020, wannan hoto baƙon harshe ne. Ko sababbin Windows ɗin ma wasunsu sai an sauko musu da wani ƙari daga intanet kafin su gane shi, a wasu kwamfutocin har sai an biya kuɗi.

A nan ne ake tafka kuskuren da ya fi yawa. Yaron shago ya ji an ce sauya wutsiya na gyara hoto, sai ya goge .heic ya rubuta .jpg. Wannan daidai yake da a rubuta shinkafa a jikin buhun gero. Sauya suna yana magani ne in sunan ne ya yi ƙarya. In kuwa sunan gaskiya ya faɗa, kayan ne na'ura ba ta sani ba, sai dai a juya hoton, watau a buɗe shi da manhajar da ta san shi, kamar GIMP wadda kyauta ake samun ta, a sake fitar da shi a matsayin JPG. Mafi muni ma, wani lokaci hoton da aka yi wa sunan ƙarya yakan buɗu a wata manhaja mai leƙa ciki, kowa ya saki jiki, sai an je ɗorawa a shafin makaranta ranar ƙarshe a ga an ƙi karɓa. Ko kuma shafin ya karɓa shiru, amma jami'in da zai duba a can ofis ya tarar da abin da ba ya buɗuwa, ya wuce zuwa na gaba.

Maganin kuwa ya fi sauƙi a hannun mai aikawa. A cikin saitin kyamarar iPhone akwai inda aka rubuta Formats, in aka zaɓi Most Compatible, duk hoton da aka ɗauka daga nan JPG ne. Aikin minti ɗaya a Obalende, ya hutar da mutum uku a Mubi yinin rana guda.

Sai maganar WhatsApp, wadda ita ce direban motar shanu na wannan zamani. Hanya biyu take ɗaukar kaya. In an tura a matsayin hoto, takan juya shi ya koma JPG, abin da ke kawar da matsalar farko, amma kuma takan matse shi don ya yi sauƙin tafiya. Fuskar mutum ba ta nuna wannan matsi sosai, amma ƙananan lambobin takardar jarrabawa da hatimin ofis sukan dushe, har a kasa bambanta 3 da 8. In an tura a matsayin takarda kuwa, kayan kan isa yadda suke, ba ragi, amma da zubinsu na asali, in HEIC ne HEIC zai isa. Saboda haka mai hikima yakan gyara saitin kyamara tukuna, ya shimfiɗa takardar a wuri mai haske, ya ɗauka, ya tura a matsayin takarda. Abin lura ɗaya shi ne, hoton da ya tafi ta wannan hanya yakan tafi da bayanan da waya ta rubuta a cikinsa, har da wurin da aka ɗauke shi in an kunna wannan saiti. Tsakanin wa da ƙane ba kome, amma mai tura hoton garke ga baƙon da bai sani ba ya kamata ya tuna.

Wasu kuma in hoto ya gagara sai su ɗauki hoton fuskar waya su tura. Wannan yakan fid da mutum kunya a hoton biki. A takarda kuwa ragi ne a kan ragi, ga shi kuma wayoyi da yawa PNG suke fitarwa ta wannan hanya, shafin da ke neman JPG ya sake korowa. Shi kansa JPG duk lokacin da aka buɗe shi aka gyara aka sake adanawa yakan ɗan rage, kamar atamfar da ake ta kai wa wanki. Kwafa daga na'ura zuwa na'ura ba ta rage shi, sake adanawa ce ke ci.

Filash da memori

Ba duk hoto ke tafiya ta iska ba. Mutanen Adamawa ba su manta da 2013 ba, lokacin da aka katse layukan waya na makonni bayan kafa dokar ta-ɓaci, ga kuma tsadar data da ba ta ƙarewa. Don haka filash da memori na nan da ransu, kuma suna da nasu cututtukan. Babba daga ciki ita ce ƙwayar cutar nan da ta zama ruwan dare a shagunan kwamfuta, wadda ke ɓoye foldoji ta bar gumakansu masu 'yar kibiya a gefe. Mai kaya ya duba ya ga wayam, hankalinsa ya tashi, wani ya ba shi shawarar a wanke filash ɗin baki ɗaya. Kada a yarda. Hotunan suna nan, ɓoye su aka yi, kuma shaida ita ce in aka duba za a ga filash ɗin yana nan da nauyinsa. A kashe cutar, a ce wa kwamfuta ta nuna ɓoyayyun fayiloli, kaya su fito. Wankewa ita ce ke raba mutum da su.

Filash ɗin da ya bi ta kwamfutar Apple kuma yakan zo da tagwaye. Kowane hoto sai a gan shi da wani ɗan ƙaramin fayil mai irin sunansa, amma da ɗigo da ɗan layi a gaba. Wannan ragowar ƙyallen wuyan buhun nan ne, ba hoto ba ne, nauyinsa 'yan kilobait ne kawai. Wanda ya danna shi zai ce hoto ya lalace, alhali na gaskiyan yana gefe.

Akwai dai inda ba magani. In waya ta mutu ana cikin turawa, ko an fizge filash ana cikin kwafa, ko memorin jabu ne mai faɗin girman da ba shi da shi, hoto yakan iso rabi, sama lafiya ƙasa toka-toka, ko kuma nauyinsa ya nuna sifiri. Wannan buhu ne da ya zube a hanya, ba wutsiyar da za ta cika shi. Mai shagon kirki zai faɗi gaskiya a sake turowa, ba ya karɓi kuɗin gyara ba.

Wata al'ada da ke neman zama jiki ita ce ɗora hoto a shafukan intanet masu juya shi kyauta. Suna aiki kam, da sauri ma. Amma wanda ya ɗora takardar haihuwarsa da lambarsa ta ɗan ƙasa a shafin da bai san mai shi ba, bai san ƙasar da yake ba, ya miƙa wa baƙo abin da ake buɗe asusun banki da shi. Haka kuma kwamfutocin shaguna da yawa cike suke da takardun mutanen da suka gama buƙatarsu suka tafi tun bara, duk wanda ya zauna a kujerar zai iya gani. Mai takarda yana da iko ya tsaya a goge kwafinsa a gabansa, har da kwandon sharar kwamfutar, kafin ya biya.

Ga takardun da ba su da na biyu kuwa, irin waɗanda suka tsira daga 2014, zubin da ya fi amana shi ne JPG ko PDF, domin sun shekara talatin da ɗoriya suna buɗuwa a kusan kowace na'ura. A ajiye kwafi a Mubi, a ajiye wani wurin ɗan'uwan da ke kudu, a sa musu sunan da mutum zai gane, kamar sunan mai takarda da shekara, maimakon jerin lambobin da waya ke bayarwa. In kuma za a tura wa mai shago, a gaya masa tun a saƙon farko irin wayar da aka ɗauka da ita, da irin zubin da shafin makarantar ya nema, da iyakar nauyin da ya yarda da shi.